Haladu Mai Haɗa Wuta da Murhun Inna Barira

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah mai suna Haladu, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Abin ya daɗe. Zamanin da wutar lantarki ba ta jima da shiga lunguna ba ne, lokacin da in mutum ya kunna ƙwai a zaurensa sai maƙwabta su zo su tsaya suna kallo. Daga bakin malamina na ji labarin, Allah Ya jiƙansa, shi kuwa unguwarsu ɗaya da mutumin. Na baya ku ɗan matso, ku saurara.

Haladu mai haɗa wuta ne. Gajere, siriri, ba shi da yawan magana. Abin da ya mallaka tsohon keke ne da jakar buhu wadda yake zuba filaya da sukundireba da guntayen waya a ciki. Sana'ar kuwa a hannun wani tsoho ya koye ta, wanda ya san littafin ƙa'idar haɗa wuta kamar yadda kuka san hanyar gidajenku. Haladu bai yi bokon da zai karanta littafin da kansa ba, amma duk abin da tsohon nan ya faɗa masa ya zauna daram a kansa.

To, a unguwar akwai wata tsohuwa, Inna Barira. Shekara arba'in tana gasa gurasa a tanderu. Da gurasar nan ta raini ɗanta tilo, Mamuda, bayan rasuwar mijinta, ta sa shi makaranta har ya samu aiki a wani gari mai nisa. Sai dai hayaƙin shekara arba'in ya ci mata ido. Kullum hawaye, kullum ƙaiƙayi, har likita ya ce in ba ta rabu da hayaƙi ba, idon zai tafi gaba ɗaya.

Da Mamuda ya ji, sai ya sayi murhun lantarki ya aiko. Ba ƙaramin nan da kuka sani ba. Babba, fari ƙal, mai kai huɗu, da tandar gashi a ƙasansa. Ƙarti huɗu suka sauke shi daga mota suna nishi. Ya kuma rubuto wa kawunsa, Alhaji Jibo, ƙanen Inna, ya ce a gina mata sabon kicin a kafa murhun, yana nan tafe da iyalinsa da Babbar Sallah.

Kada ku ɗauka Alhaji Jibo mugu ne. Ba mugu ba ne ko kaɗan. Yana son yayarsa, kuma yana son yaron nan ya zo ya tarar kawunsa ya riƙe amana. Da kansa ya tsaya a kan magina, rana tana dukansa. Aka yi filasta, aka shafa fenti ruwan ganye, aka gina kanta ta siminti hagu da dama, aka tura murhun tsakaninsu ya zauna cif. Sai da komai ya bushe, saura kwana shida Sallah, sannan aka tuna ba a haɗa wa murhun wuta ba. Aka aika wa Haladu.

Ya zo, ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya gaishe da Alhaji. Ya buɗe ƙofar tandar ya duba lambobin da ke jikinta, don lamba kam ya iya karantawa. Akwai soket guda a bangon, wanda aka jawo daga ɗakin Inna tun kafin filasta. Ya kwance shi, ya murza wayar tsakanin yatsunsa.

Alhaji ya ce aikin ai ba shi da yawa, fulogi kawai za a sa wa wayar murhun a soka a nan.

Haladu ya sunkuyar da kai ya yi bayani a hankali. Ya ce ƙa'ida ta raba kayan girki gida biyu. Akwai wanda mace za ta ɗauka da hannu ɗaya, ta soka, in ta gama ta zare ta ajiye, kamar butar lantarki ko ɗan murhu mai kai ɗaya. Wannan soket ya ishe shi. Akwai kuma wanda aka kafa shi ya zauna, na dindindin. Shi wannan ba ya tarayya da komai a waya. Dole a ja masa tasa mai kauri tun daga akwatin mita, da fis nasa shi kaɗai, da wayar ƙasa, da makunni a gefe inda hannu zai kai ba sai an miƙa ta kan tukunya ba. Wayar da ke cikin bangon nan, in ji shi, ta fanka ce da rediyo. In aka ɗora mata kai huɗu da tanda, za ta ɗau zafi a inda ido ba ya gani.

Alhaji ya tambaya ko nufinsa a fasa bango. Haladu ya ce layi ɗaya ne kawai, faɗin yatsa uku, daga mita zuwa nan, kuma shi da hannunsa zai mayar da filastar.

Fuskar Alhaji ta canza. Ya dubi fentinsa, ya sake dubawa. Ɗan kasuwa ne mai kaifin baki, nan take ya samo hujja. Ya ce ranar da aka tura murhun shi da idonsa ya ga 'yan tayoyi biyu a ƙasansa. Ba a buga masa ƙusa ba, ba a haɗa shi da siminti ba. Abin da ke da taya kuwa ba za a kira shi na dindindin ba, don haka ƙa'idar ba da shi take ba.

Kun ji fa, jama'a. Kada ku yi masa dariya, haka muke yi dukanmu. In hukunci ya yi mana nauyi, sai mu durƙusa mu leƙa ƙasansa ko za mu ga taya.

Haladu bai yi musu ba. Ya juya wurin Inna, tana zaune a bakin ƙofa kan 'yar kujera tana goge ido da gefen mayafi.

"Inna, in Allah Ya kai mu baɗi war haka, ina murhun nan zai kasance?"

"Ina kuwa zai je, ɗan nan? Yana nan inda ka gan shi."

"In za ki share bayansa, za ki iya jawo shi?"

Ta yi dariya, ta ce ko ƙartin da suka kawo shi sai da ta dama musu fura suka dawo hayyacinsu.

Ya ce, "To, Alhaji, ka ji. Abin da zai shekara a wuri ɗaya, mai shi ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma yana jan wuta irin wannan, shi ne na dindindin, ko da taya goma gare shi."

Ran Alhaji ya ɓaci, don ya ga kamar an kayar da shi a gaban yayarsa. Ya ce Haladu yana neman ƙara wa kansa aiki ne kawai. Haladu ya ce in fasa bangon ne ba a so, zai iya bin samansa da wayar ya danne ta da ƙananan ƙusoshi. Alhaji ya ce ba za a rataya masa baƙar waya a sabon bango kamar igiyar shanya ba. Daga ƙarshe ya ce ko ya sa fulogi, ko ya ɗauki jakarsa.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Hannuna ba zai sa shi ba."

Ya mayar da soket yadda ya same shi, ya share ɗan garin da ya zuba a ƙasa, ya yi musu sallama ya fita.

Washegari Alhaji ya kawo wani mai haɗa wuta, Isiya, magidanci ne da bai daɗe da zuwa garin ba. Isiya ya sa fulogi, aka kunna murhu don gwaji, fis ya ƙone. Ya canza, ya sake ƙonewa. Sai ya samo waya mai kauri ya ɗaure wurin, wuta ta zauna. Ga wanda bai sani ba, fis mai gadi ne, an yi shi ne don ya ƙone kafin gida ya ƙone. To, an kori mai gadi ke nan. Alhaji kuwa bai san wannan ba, murna kawai yake yi. Ya zauna a majalisarsu ta bakin kasuwa ya ba da labarin taurin kan Haladu da son ƙara aiki. Kafin kwana biyu, mutum biyu da suka yi alkawarin Haladu zai haɗa musu wutar shaguna suka aiko ya dakata tukuna.

Ranar ya dawo gida da azahar ba aiki. Matarsa Sabuwa ta ajiye masa abinci ta zauna gefe. Mace ce mai haƙuri, amma Sallah tana bakin ƙofa, yara suna kallon ɗinkin 'ya'yan maƙwabta. Ta ce da ya sa musu abin da suka ce, tunda gidansu ne kuma su suka nema.

Ya ce, "Gidansu ne, Sabuwa. Amma ni na san abin da wayar nan za ta yi, su ba su sani ba. In na sa, na yi musu ƙarya da hannuna."

Ta ce, "To in haka ne, Malam, ƙin da ka yi bai cire tsohuwar nan daga gaban murhun ba."

Ya tsame hannunsa daga kwano. Ya ce tun jiya abin da ke cin ransa ke nan, amma yana tsoron a ce ya koma roƙon aiki, ko ya je ɓata wa Isiya sana'a. Sabuwa ta tashi ta ɗauko mayafinta ta tsaya tana jiransa.

Ku saurara da kyau nan wurin. Da yawanmu in aka kore mu a kan gaskiya, sai mu naɗe hannu mu ce za su gani. Har mukan ɗan so su gani ɗin. Bawan Allahn nan ya koma gidan da aka kore shi.

Sabuwa ta shiga ta kira Inna, shi ya tsaya a zaure. Ya roƙe ta kada ta kunna fiye da kai ɗaya. Ya ce ta riƙa taɓa bangon da ke saman soket da bayan hannu, in ta ji ɗumi ko warin roba, kada ta taɓa fulogin, ta zo nan zaure. Ya kama gefen mayafinta ya kai hannunta kan babban makunnin gidan, ya sa ta ja shi ƙasa ta mayar, har sau uku. Sannan ya ce don Allah ta gaya wa Alhaji cewa shi Haladu ya zo gidan, don ba ya son ya zama ya yi abu a bayan idonsa. Inna ta ce ita dai an saya mata murhu mai kai huɗu an ce ta yi zaman mai kai ɗaya, amma ta ji. Ta ba Sabuwa tsarabar kuka da daddawa suka tafi.

Sallah ta zo, Mamuda ya iso da matarsa da 'ya'yansa. Ya shiga kicin ya yi ta sa wa kawunsa albarka, Alhaji baki har kunne. Washegari da hantsi aka hau suyar nama. Inna ta faɗa musu maganar kai ɗaya, amma surukarta, wadda ta saba da irin murhun a birni, ta ce ai don a kunna su duka aka yi su huɗu. Inna ta ji kunyar ja da suruka, ga kuma jikoki sun kewaye ta a tsakar gida, sai ta bar maganar. Aka ɗora kaskon suya biyu da tukunya biyu, aka sa cinyar rago a tanda.

Can sai wani wari ya zo mata. Idonta ya raunana, amma hancin wadda ta shekara arba'in a bakin tanderu ba ya ruɗewa. Ta san warin nama in ya kama, ta san na ƙullu in ya ƙone. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Ta sauke jikarta daga cinya, ta shiga kicin, ta kai bayan hannunta bango. Sai ta ji shi kamar cikin tanderu.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce kowa ya fita, kada wanda ya taɓa soket. Ta bi bango da lalube har zaure, ta ja makunnin nan ƙasa. Fanka ta tsaya, rediyo ya yi shiru. Da aka koma aka duba, fentin saman soket ya kumbura, baƙin layi ya miƙe sama, siririn hayaƙi yana fita.

Mamuda ya ce a nemo mai gyara. Inna ce ta ce a kira mata Haladu.

Ya zo da rigarsa ta Sallah, ya tuɓe ta ya ninke ya ajiye. Ya duba bangon, ya ɗauko guduma da kurfi, sannan ya juya ya ce, "Alhaji, ka ba ni izini?"

Jama'a, ko kalma ɗaya ta gori bai yi ba. Izini ya nema, kamar ranar farko. Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi gudumar, shi ya fara dukan fentinsa da kansa.

Da aka buɗe, robar wayar ta narke ta manne da siminti, jan ƙarfen yana tsirara. Inda ta bi ta kusa da katakon rufi har katakon ya yi baƙi. Haladu ya buɗe akwatin mita ya ga ɗaurin da aka yi wa fis, ya ciro shi ya riƙe a tafin hannu. Mamuda ya dubi katakon, ya dubi 'ya'yansa. Ya ce a faɗa masa wanda ya yi wannan aikin, sai ya kai shi gaban hukuma.

Haladu bai ɓoye ba, ya ce Isiya ne, kuma kuskure ne babba. Amma ya roƙa a kira shi su yi gyaran tare. Ya ce in aka kore shi da kunya, wani garin zai koma ya ci gaba da ɗaure fis, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambancin murhun ɗauka da na dindindin. Shi kansa, in ji shi, da bai samu tsohon da ya koya masa ba, da haka zai yi.

Aka kira Isiya. Ya ga wayar, ya zauna a ƙasa. Haladu ya tsuguna kusa da shi yana nuna masa, murya ƙasa-ƙasa yadda ba kowa ke ji ba. Can Isiya ya ɗago da ido jawur ya ce akwai gida biyu da ya yi wa irin wannan haɗin a watan nan, kuma yau kowa suya yake yi.

Ba su tsaya ba. Haladu ya goya shi a keke, suka je gidajen nan biyu suka cire murhunan daga wuta. A gida na biyu sun tarar soket ya fara laushi. Ku duba fa. Da an bi zuciya an kai Isiya ƙara, wa zai faɗi gidajen nan?

Kafin su dawo, Alhaji ya je har gida ya taso mai shagon waya, ya kawo mai kauri. Haladu da Isiya suka ja layin tun daga mita, suka sa fis nasa, suka sa wayar ƙasa, suka kafa makunni a gefen dama daidai tsayin kafaɗar Inna. Bayan la'asar aka kunna kai huɗu da tanda, Inna ta kai hannu bango ta ji shi sanyi ƙalau. Sai ga hawaye a idonta, ta ce wa jikokinta kada su damu, wannan ba na hayaƙi ba ne.

Alhaji Jibo kuwa, a nan za ku gane abin da na ce muku ba mugu ba ne. Ya kira Mamuda gefe ya ce kada ya ɗora wa Isiya shi kaɗai, shi ne ya kori mai gaskiya saboda fenti. Kashegari ya kama hannun Haladu har majalisar bakin kasuwa, inda ya ɓata shi, ya ce a nan ya yi maganar, a nan zai janye ta, ya nemi gafararsa a gaban kowa. Haladu duk kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Kada ku jira in ce muku daga nan ya zama attajiri. Bai zama ba. Ya ci gaba da sana'arsa cikin rufin asiri, Isiya ya zama abokin aikinsa har tsufa. Inna Barira ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana girki ba hayaƙi, da sauran ganinta ta ga auren babbar jikarta.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ita ce abin da ka sani wanda mai aikin bai sani ba. Duk wanda ya kira ka aiki, ya kira ka ne don ka fi shi sani a wannan wurin, kuma a daidai wannan wurin Allah zai tambaye ka. Kai magini, kai ka san yawan simintin da ka zuba. Kai bakanike, kai ka san ko ka ɗaure birkin nan ko ka ce Allah Ya kiyaye kawai. Mai gida ya ce ka yi, ba hujja ba ce, in ka san abin zai cuci wanda zai kwana a ƙarƙashinsa. Ka ce a'a da ladabi, ka ba da wata hanya, in an ƙi ka ɗauki jakarka. In kuma ka fita, kada ka fitar da mutanen daga zuciyarka. Ka koma ka gargaɗe su. Ranar da gaskiyarka ta bayyana, ka riƙe bakinka daga gori, ka jawo wanda ya yi kuskuren ka koya masa.

Mu kuma masu ba da aiki, na ga wasunku suna sunkuyar da kai, ni ma ina ciki. In ƙaramin ma'aikaci ya dube ka ya ce wannan ba zai yiwu ba, alhali ya san zai iya rasa aikin, to ka tsaya ka saurare shi. Mai son cutarka ba ya ja da kai, abin da kake so yake faɗa maka. Duk wanda ya san akwai babban murhu ko tanda a gidansa da aka soka a soket ɗin fanka, ko fis da aka ɗaure da waya, kada ya bari satin nan ya wuce bai kira wanda ya sani ya duba ba. Matanmu da 'ya'yanmu ne suke tsayawa a wurin, su ma amana ce a wuyanmu.

Allah Ya jiƙan Haladu da ire-irensa da ba a san sunayensu ba. Allah Ya sa aikinmu na ɓoye ya fi na fili kyau, Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu. Ku ce amin, mu tashi mu gyara sahu.